Ba Tsutsa Ba Ce, Yaya

Zangon Agege, Legas.

Zuwa ga Yayana Mamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ƙanwa ga yayanta, ina fata takardar nan ta same ka da sauƙin jiki. A gaida Inna da kyau, a gaida mutanen gida manya da yara. Matarka Hajara da yaranka uku suna lafiya, sun ce in gaishe ka. Ni ma jikina ƙalau. Hankalina ne ba ƙalau ba, kuma ka san kai ne sanadi.

Na san ba da idonka za ka karanta ba, tunda kai ka ƙi boko ka tura ni. Malamin firamare za a kira ya zauna a ƙofar gida ya karanta da ƙarfi, mutane su kewaye shi kamar yadda aka saba in takarda ta zo daga Ikko. Da gangan na yi haka. Da sirri nake so, da na ba Malam Garba direban tanka saƙon baka, ya ja ka gefe ya gaya maka. Ina so Inna ta ji daga bayan danga, maƙwabta ma su ji, don in za ka ce mini a'a, ka faɗa a gaban jama'a. Ka kuma bar malamin ya kai ƙarshe ko da ranka ya ɓaci a tsakiya. Zai ɓaci kuwa.

Yau kwana goma sha tara ke nan da ka ce wa Hajara za ka je kara ka ga an sauke shanu. Ko shayi ba ka tsaya sha ba. Da azahar ta wuce ba ka dawo ba, ta yafa gyale ta je kwata inda kuke yanka, abokan fawarka suka yi ta kallon juna, har ɗaya ya ji kunya ya gaya mata an gan ka ka hau bayan tirelar shanu da ta juya Arewa ba kaya. Wuƙaƙenka ka naɗe a buhu ka bar wa Sarkin Fawa ajiya, amma matarka ba ka bar mata ko kalma ɗaya ba. Mutum ya doshi arba'in, da gemunsa, ya gudu daga gidansa a tsaye cikin kashin shanu. Wallahi Yaya, da farko ko kuka ban yi ba, haushi ne ya hana ni.

Na tabbata abin da ka gaya wa mutanen gida shi ne Legas ta gajiyar da kai, ga tsutsar ciki, ka zo ka huta ka sha iskar gida. To bari in faɗi yadda abin yake tun daga farko, saboda su.

Ƙaiƙayi ne ya fara, wajen ƙarshen damina. Ba ƙuraje, ba komai a fata, amma kana susa kamar za ka cire naman jikinka. Na taɓa samunka a kwata ka jingina baya da ginshiƙin rumfa kana gogawa, mahauta suna dariya wai ka koyi halin shanu. Hajara ta sauya sabulu, ta sauya soso, ta fitar da katifa rana ta zazzage ta tana neman kuɗin cizo, ba ta samu ko ɗaya ba. Sai gumi ya biyo baya. Kullum da safe zanen gadonka sharkaf, in ta shanya a igiya matan gidan haya su tambaye ta ko autanku ne yake fitsarin kwance. Sai zazzaɓi, ya zo ya yi kwanaki, ya tafi, ya dawo. Ka sha kwinin, ka sha agbo, jiƙon Yarabawa, da Iya mai gidan hayarku ta haɗa maka, ka ce sauro ne. Sai rama. Kai da kake saɓa cinyar sa a kafaɗa kana tafe kana taɗi, ka koma sai ka tsaya hutawa tsakanin kwata da bakin titi. Tazugen wandonka ya riƙa yin tsawo. Ranar da aka ajiye maka farfesun kan sa ka ture kwanon ka ce warin nama ya ishe ka, ni da Hajara muka haɗa ido.

Mutanen gida sun san ina aikin asibiti, wasu har likita suke ce mini. Ni ba likita ba ce. A ɗakin gwajin jini nake, a wani asibiti kusa da masana'antun Ilupeju, ina wanke kwalabe da 'yan gilasan da ake shafa jini a kai, ina manna sunaye. Amma shekara shida ina tsaye a bayan ogana, wani dattijo Bayarabe da ya tsufa a kan madubin duba jini, kuma in ya ga abin gani yakan kira ni in leƙa. Wata biyu ina roƙonka kafin ka yarda ka biyo ni wurinsa, shi ma don ka huta da mitar Hajara ne.

Aka tsikari yatsanka, aka shafa jinin a gilashi, aka zuba masa launi. Ogana ya duba ya daɗe, sannan ya matsa ya ce in leƙa. Jini ja ne a ido, amma a cikinsa akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki, iri-iri, kowane da aikinsa. Akwai wani iri da in an zuba launi sai ka ga cikinsa da ɗigo-ɗigo ja, kamar an barbaɗa masa dakakken barkono. Sunansa iyosinofil. A jinin mai lafiya sai ka yi ta yawo da madubi kafin ka gamu da ɗaya, can gaba kuma wani. A naka, Yaya, duk inda na juya suna nan a cunkushe. Da na gaya maka sunan ka gwada faɗa sau biyu harshenka ya ƙi, ka ce kai ba za ka karya haƙori a banza ba, 'yan jajaye za ka riƙa ce musu. Har ogana ya ɗauki sunan.

Ya ce aikinsu yaƙi da tsutsa ne. Suna kuma tashi ga mai asma, ko wanda wani abinci ko magani bai karɓe shi ba, amma a ƙasarmu in ka gan su da yawa, tsutsa za ka fara nema. To wa zai yi musu? Mahauci, mai wuni ba takalmi cikin tumbi da hanji, mai yankar tsoka ya ɗan nuna wa wuta ya jefa baki. Ni kaina murna na yi. Na sayi burodi mai zafi a tasha na kai gidanka, muka ci da shayi muna tsokanarka wai ashe kiwo kake yi a ciki ba ka gaya mana ba.

Aka ba ka maganin tsutsa, ka sha kana yamutsa fuska. Bayan mako uku aka sake ɗibar jini, 'yan jajaye suna nan. Aka sauya wani maganin, mai sa ka jiri. Suna nan, har sun ƙaru. Aka gwada bayan gida sau uku, aka gwada fitsari, aka kankari fatar ƙafarka don neman tsutsar da ke zama ƙarƙashin fata. Ba tsutsa, ba ƙwanta, ba alamarta. Karo na uku ogana bai kira ni in leƙa ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce mini da Yarabanci, a hankali, in kai yayana wurin babban likita gobe-goben nan, kada in jira ranar da aka rubuta a kati. Tun daga ranar ban sake cin abinci na ji daɗinsa ba.

Babban likitan bai tsaya kan takardu ba. Ya ce ka cire riga, ya bi wuyanka da yatsu, ya bi hammata, ya danna ciki. A gefen wuyanka na hagu, can ƙasa kusa da kafaɗa, hannunsa ya tsaya. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Ƙulli biyu ne masu tauri, babban ya kai ƙaramin goro. Ashe kai ka san da su tun kafin Babbar Salla, ka yi shiru. Ka ce kaluluwa ce, wane mahauci ne ba ya yanke hannu ta fito masa. Likita ya tambaya ko tana ciwo, ka ce ko kaɗan, kana faɗa kamar abin alfahari. Shi kuwa a nan fuskarsa ta sauya. Ya ce kaluluwar rauni tana zafi, kuma in rauni ya warke takan baje. Wadda ba ta zafi, ba ta bajewa, ga gumi ga rama ga ƙaiƙayi, ita ce ba ya so.

Yarabancinka na kara ne, na ciniki da zagi, don haka ni ya juyo ya yi wa bayani da Turanci don in fassara maka. Ga abin da ya ce, cikakke, yadda ya kamata in faɗa maka a ranar. Ya ce 'yan jajayen nan alama ce kawai, ba sa fitowa da yawa haka sai wani abu ya kira su. In an nemi tsutsa an rasa, ba asma, ba wani magani da mutum ke sha, kuma suka ƙi sauka wata da watanni, dole a nemi mai kiran a wani wuri, domin wani lokaci ɓoyayyar cuta ce a cikin kaluluwa ko a cikin jinin kansa take ta da su. Ya ce bai ce ita ce ba. Yana iya zama tarin fuka ne ya sauka a kaluluwa, shi ma da maganinsa. Ba yadda za a sani sai an kashe wurin da allura, an ciro ƙaramin ƙullin, an aika an duba. Ya ce ko da abin da yake tsoro ne, akwai irin da ke jin magani sosai in an kama shi da wuri, ya ga waɗanda suka tashi suka koma sana'arsu. Bai yi alkawari ba, amma sau biyu ya maimaita cewa da wuri.

Ka dube ni ka ce, "Me ya ce, Asabe?"

Duk bayanin nan yana kaina, Yaya. Amma sai na ji kawai na ce, "Wai yana tsoron ko daji ne." Abin da na fassara maka ke nan daga doguwar maganar da mutum ya zauna ya yi. Ban ce alama ce ba, ban ce ba a tabbatar ba, ban ce akwai magani ba. Da na ce kaluluwa za a duba, da yanzu kana nan. A cikin duk kalmomin Hausa na ɗauko wadda na san kunnenka ba ya iya ɗauka.

Ka sa rigarka, ka gyara hula. Ka tambaya ko da wuƙa za a ciro, na ce 'yar ƙarama ce. Ka ce, "Daji ba ya son ƙarfe." Ka yi wa likita godiya da Yarabancinka, har da rusunawa, ka fita ka bar ni riƙe da katinka.

A cikin danfo, motar hayar da muka hau zuwa gida, na yi ta zuba kamar rediyo. Na tuna maka malamin dabbobi da ke zuwa kwata kowace safiya da farar riga, ba abin da yake fara tsagawa sai kaluluwar saniya. Kai da bakinka ka taɓa gaya mini saniya takan yi ƙiba, fata na sheƙi, sai an tsaga nan a ga ɓarna. Na ce abin da likita zai yi ke nan. Ka bar ni na gama, kana kallon taga, sannan ka ce, "Ita saniyar ai sai an yanka ta ake dubawa." A haka muka sauka Agege. Kwana biyu bayan nan ka hau tirela.

Amsar maganar nan ta zo mini bayan ka tafi, tana ta cina ba wanda zan faɗa wa. Gaskiyarka, sai an yanka ake dubawa, shi ya sa sanin malamin dabbobi ba ya amfanar saniya da komai. Kai kuwa so ake a duba kana tsaye da ƙafafunka, tun sanin yana da amfani. Ka ma fi ni sanin haka, kawai ka samu abin rufe mini baki ne ka yi amfani da shi.

Ban san zama ba tun da ka tafi. Takardar nan ma sau uku ina fara ta ina yagawa. Na fasa kwalabe biyu a wurin aiki, abin da ban taɓa yi ba. Ran Litinin na hau motar da ba ta hanyata ba, sai a Ogba na farga. Ranakun hutuna a Apapa suka ƙare, ina bin layin tankoki da tireloli ɗaya bayan ɗaya cikin rana, mace ni kaɗai, ina tambayar direbobi wa ke bin hanyar garinmu. Wasu suka ɗauka mijina ne ya gudu. A haka na samu Malam Garba, wanda ya san ka tun kuna samari. Hajara kuwa ta daina magana, sai aiki, ta wanke kwanon da ta riga ta wanke. Babbar 'yarka ta tambaye ni ko wani laifi suka yi maka. Ka gaya mini abin da zan ce mata.

Jinin da aka ɗiba ranar da muka ga likita, sakamakonsa ya fito bayan tafiyarka. 'Yan jajaye sun fi na kowane karo. Likita ya tare ni a baranda ya tambayi ina yayana, na ce ya yi tafiya. Ya dube ni kawai, ya ce Talata da Juma'a yake yin irin wannan aikin, duk ranar da ka zo zai sa ka a gaba. Kunya ta kama ni kamar ni ce na gudu.

Malam Garba ya gan ka a tafiyarsa ta makon jiya. Bai so ya faɗa mini ba, sai da na matsa. Ya ce ya same ka a gindin darbejiya da rana tsaka, ka naɗe wuya da rawani cikin zafin nan, kai da ban taɓa gani da rawani ba ko ranar ɗaurin aurenka. Ka ce masa ka samu sauƙi. Ya ce kuma an kira wanzami ya yi maka ƙaho a kafaɗa. Haba Yaya. Askar wanzami da itace aka yi ta? Wato ƙarfen da ya tsaga mutum goma kafin kai, aka goge shi a gefen riga, shi daji yake so, na likita da aka dafa aka tsabtace ne ba ya so? Ni ban raina maganin gida ba. Rubutu ka sha, addu'a kuwa ni ma ban da abin yi sai ita. Ka zo da rubutunka a gora, ba wanda zai hana ka sha a asibiti. Amma kada ka ce mini ƙarfe kake tsoro, kai da ka yi kusan shekara ashirin da wuƙa a ƙugu.

Na san abin da kake tsoro. Ban taɓa faɗa ba, kai ma ba ka taɓa ba, amma yau zan faɗa, Inna ta yafe mini.

Shekarata bakwai lokacin ciwon Baba, amma har yau ina tuna warin ɗakin. Gyambon ƙafarsa ya yi damina biyu ana ɗaura masa ganye, ana turare, yana ci yana faɗi, har ya kai gwiwa, har ƙudaje suka hana a zauna kusa da shi. Kowa ya ce daji ne, kada a kai shi inda za a yi masa allura. Kai ne, kana saurayi, ka kasa jurewa. Ka ɗora shi a jaki da safe ka nufi asibitin gunduma, manya suna kiranka kana tafiya. Aka wanke ƙafar, aka yi masa allura, ka dawo da shi. Kwana tara ya rasu. Ranar sadakar uku ina tsugune a bakin zaure da ƙwaryar ruwa, na ji Kawu ya ce, a gabanka, a gaban mutane, "An kai shi an tsokano dajin." Ba wanda ya ce masa ya yi shiru. Kai kuma ka sunkuyar da kai. Ana yin arba'in ka bi fataken shanu zuwa Ikko, ba ka sake zaman garin ba sai yanzu. Da ka kafu ka aiko aka kawo ni, ka sa ni makaranta, mutanen Zango suna ta surutu wai mahauci zai mayar da ƙanwarsa Bayarabiya. Na daɗe ina tsammani don ni kaɗai ka yi. Sai da na girma na gane kana so a samu mutum ɗaya a gidanmu da zai san abin da ake yi a bayan ƙofar asibiti.

To na sani yanzu, ga shi ina gaya maka. Shekara shida ina ganin irin su Baba. Ba a kawo su sai abu ya ci ya cinye, sai an gama da duk masu magani, sai mutum ya daina cin abinci. A yi musu allura don rage zafi, bayan 'yan kwanaki su cika, dangi su koma gida su ce allura ce. Waɗanda aka kawo da wuri suka tashi kuwa, ba mai ba da labarinsu, sun koma kasuwa kowa ya manta. Na zauna na kwatanta wa babban likita ƙafar Baba yadda na tuna ta, da tsawon lokacin da ta ɗauka. Ya ce ba zai iya sanin sunan ciwon ba tunda bai gani ba, amma ƙafar da ta kai haka, da allura da ba allura, abin ya riga ya wuce gyara. Ya ce wanda ya ɗauke shi ya kai shi asibiti shi ne ya yi daidai, sai dai an sa shi ya makara.

Ba kai ka kashe Baba ba, Yaya. Kwanansa ne ya ƙare, kuma a duk gidan kai kaɗai ka tashi ka yi wani abu. In Kawu yana cikin masu sauraro, ina gaishe shi da girmamawa, amma maganar da ya faɗa a zaure ba gaskiya ba ce. Shekara ashirin kana ɗauke da ita, yanzu ga ta tana neman ta ci ka kai ma ina kallo. Ba zan yarda ba.

Ni ma da nawa laifin. Na jefa maka kalmar nan ba tare da na shimfiɗa maka komai ba, ka yafe mini. Amma ba zan janye in ce maka tsutsa ce don ka ji daɗi ba. Ba tsutsa ba ce. Ko daji ne ko ba shi ba ne, ban sani ba, likita bai sani ba, kai ma da ka zauna ka yanke wa kanka hukunci ba ka sani ba. Rashin sanin nan ne ya hana ni sukuni. Ina tsoro, Yaya. Ina tsoron ranar da direba zai tsaya a gabana ya cire hula kafin ya yi magana. Kai ne ubana tun ina 'yar shekara bakwai. Kai ka riƙe hannuna ka tsallakar da ni titin jirgi ranar da na fara makaranta, kana warin kwata, kana roƙon malamai su yi haƙuri da ni ba na jin Yarabanci. Ban shirya rasa ka ba, balle a kan kalmar da ta fito daga bakina.

Malam Garba zai sauke mai a Funtuwa, ya biyo ta gida ran Alhamis da hantsi. Ya yi mini alkawarin kujerar gaba, kusa da taga, kuma zai tsaya duk inda ka ce a tsaya ka huta. In kun iso ni zan shiga ɗakin likita da kai, in tsaya a kanka har a gama. Wannan karon duk abin da likita ya faɗa zan fassara maka shi kalma-kalma, mai daɗi da marar daɗi.

Abu ɗaya nake roƙo kafin ka ba da amsa. A kara kowa ya shaide ka ba ka taɓa ɓoye aibin dabba don ta sayu ba. To ka warware rawanin nan yanzu, a nan inda kake zaune. Ka kira Inna ta fito, ka kama hannunta ka ɗora a wuyanka. Kai ka san girman ƙullin ranar da ka bar Agege. In ya ragu, ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji, Malam Garba ya kawo mini labari, zan ja bakina in yi shiru. In kuwa ya ƙaru, ko ya yi 'ya'ya, to ka dubi fuskarta, matar da ta yi jinyar ƙafar Baba damina biyu, ka gaya mata da bakinka cewa kai ma zama za ka yi tana kallo.

Allah Ya ba ka lafiya, Yayana. Allah Ya sa ba abin da muke tsoro ba ne, in kuma shi ne, Ya sa ba mu makara ba. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sauke maka nauyin da ka daɗe kana ɗauke da shi, Ya tausasa zuciyarka, Ya tsare hanya. Amin.

Ran Asabar tun safe ina Apapa, a bakin layin tankoki. Zan tsaya in ga mutum nawa za su sauko daga motar Malam Garba.

Ƙanwarka da ba ta da wani yaya sai kai,
Asabe.